Wayarin a-kori-kurata, daga hunturu zuwa damina

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Motar Hilux ce ƙirar 2012, mai ƙofa huɗu, injin fetur 2.7, na saye ta hannu na biyu. Sana'ata maganin dabbobi. Shagona a cikin Daura yake, amma yawancin aikin a rugage ne da ƙauyukan Sandamu, Zango, Baure da Mai'adua, inda kwalta ke ƙarewa ta bar ka da yashi. Abin da nake so a ƙara mata ba kwalliya ba ne. Ina son ƙaramin firji na allurar rigakafi, domin yawancin alluran da nake ɗauka tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake so su zauna, ƙanƙarar kula kuwa kafin la'asar ta zama ruwa. Ina son doguwar fitila a gaba saboda dawowar magariba, da ƙananan fitilu biyu a baya na aiki a garke, da wurin cajin waya, da injin ba taya iska.

Yau na kai ta garejin Baba, dattijon rewaya da ya daɗe yana yi mana aiki tun zamanin fijo ɗin mahaifina. Da muka ɗaga bonet sai ya yi shiru. A kan fozitif ɗin batir akwai wayoyi uku da wani ya murɗa a jikin noti, babu fis ko ɗaya a kansu. Ɗaya ta bi ta wani rami da aka huda da ƙusa a bangon ƙarfen da ya raba inji da ɗakin direba, bakin ramin ya ci robarta har jan ƙarfen ya fara leƙowa, ya yi kore. A akwatin fis na cikin mota kuma mun tarar da wani fis da ya ƙone aka naɗe ƙafafunsa da zaren waya aka mayar. Robar da ke gefensa ta narke ta yi baƙi.

Baba ya ce, “Likita, wannan motar Allah ne kawai ya tsare maka ita. Kafin mu ƙara komai, sai mun cire abin da aka ƙara.”

Haka aka yi. Duk wayar da ba ta kamfani ba an zare ta. Mun kuma yi magana ɗaya da za ta riƙe aikin gaba ɗaya: ba za a yanka wayar kamfani ko ɗaya ba, duk sabon abu hanyarsa daban daga batir, kuma babu wayar da za ta bar batir ba tare da fis a gindinta ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau takarda da biro kawai muka riƙe. Lissafin ba shi da wuya: ka raba wat da bolt, abin da ya fito shi ne amp. Doguwar fitilar wat 120 ce, a kan bolt 12 ta tashi amp 10. Fitilun baya wat 18 kowacce, biyun amp 3. Firjin yana jan kusan amp 5 idan injinsa ya tashi. Wurin caji mun ba shi amp 5. Injin iska shi ne mai ci, amp 30 aka rubuta a jikinsa, sai dai na 'yan mintuna ne.

Altanetar motar, wato na'urar da ke cajin batir in inji na aiki, an rubuta 80A a jikinta. Wannan adadin ba duka naka ba ne. Motar da kanta tana da nata cin: fitilun gaba kaɗai a kan ful wat 120 ne, ga fankar AC, ga famfon mai, ga kwamfutar inji. Kuma altaneta ba ta ba da cikakken ƙarfinta a silo, sai an taka. Da muka haɗa, abin da zan ƙara zai shiga, in dai ba a kunna injin iska da komai da komai lokaci ɗaya ba.

Abin da mutane da yawa suka ɗauka shi ne fis yana kare fitila ko rediyo. Wayar yake karewa. Batirin mota idan fozitif ya taɓa bodi kai tsaye zai iya turo amp ɗaruruwa nan take, siririyar waya kuwa ta yi ja, robarta ta kama, in akwai fetur ko busasshiyar ciyawa a kusa shi ke nan. Fis shi ne wurin da aka yarda ya ƙone da gangan kafin wayar ta ƙone. Saboda haka abu biyu suka zama dole. Girmansa kada ya wuce abin da wayar za ta iya ɗauka. Kuma ya zauna dab da batir, domin duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai tsaronta. Ƙa'idar masu haɗa wutar jiragen ruwa a Amurka, ABYC, ta sa inci 7, kusan santimita 18. Mu ma ita muka ɗauka. Fis ɗin da aka sa a can kusa da fitila, bayan waya ta yi tafiyar mita biyu tana gogar ƙarfe, bai tsare komai ba.

Yadda muka zaɓi girma: a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kan abin da kaya ke ja, a ɗauki fis na gaba. Fitilar amp 10 ta zama 12.5, fis ɗinta na 15 ke nan, a kan waya mai kaurin 2.5mm².

Talata, 28 ga Janairu

Na shiga Kano sayen kaya. Na zagaya Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, kuma abin da ya fi cin lokaci waya ce.

Akwai wata waya da ta cika kasuwa, a ido jan ƙarfe ce sak, amma alminiyan ne aka yi wa fatar jan ƙarfe. Ta fi sauƙin kuɗi, ta fi rashin nauyi a hannu. Alminiyan kusan kashi 61 cikin ɗari na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka yake ɗauka a kauri ɗaya, ga saurin karyewa, ga ruɓewa idan ruwa ya shiga. Baba ya koya mini gwaji kafin in tafi. Ka fere ƙarshen wayar, ka kankare zarenta da reza. In fari ya fito daga ƙasa, ajiye. In kana shakka ka kunna ashana a ƙarƙashin zaren: na alminiyan zai langwaɓe ya nannaɗe nan take, na jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya ƙyam. A shagon farko da na zaro reza, mai shagon bai ko bari na kankare ba, ya shiga ciki ya fito da wani nadi daban. Araha ba ta ado.

Wata kuma robarta kauri, zaren cikinta ɗan kaɗan. Daga waje sai ka rantse 6mm² ce. Cikin za ka duba.

Wayar gida, irin mai ƙarfe ɗaya ko zare bakwai masu tauri da ake sa wa a bango, ba ta mota ba ce. Gida ba ya girgiza. Hanyar Baure kuwa tana girgiza har haƙora, kuma ƙarfe mai tauri in ana lanƙwasa shi kullum karyewa yake a cikin roba inda ba ka gani. Ta mota zarenta sirara ne masu yawa.

Na dawo da waya 2.5, 4, 6, 10 da 16mm², ja da baƙa, ƙananan akwatunan fis guda biyu, manyan fis masu ɗaurin noti, rile, kawunan waya na matsewa, robar da ke tsukewa in ta ji zafi, robar bakin rami, bututun roba mai tsaga, da maɗauran roba. Na ƙara da abin kashe gobara mai hoda.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An fara aiki. Abu na farko, Baba ya sa ni na cire agogo da zoben azurfata. Na biyu, ya kwance nagetif ɗin batir. Nagetif ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe. Dalilin a fili yake: bodin mota gaba ɗaya nagetif ne, in kana kwance fozitif sifana ta goge ta taɓa ƙarfe alhali nagetif na ɗaure, tartsatsi ne a hannunka, a bakin batirin da ke fitar da iskar haidirojin mai kamawa. In nagetif na kwance, sifana ta taɓa duk inda take so.

Mun ɗaura akwatin fis na gaba a gefen hagu na ɗakin inji, nesa da salansa. Daga fozitif aka fito da waya 10mm², tazarar da ba ta kai taƙi ba sai babban fis na 40A, sannan ta wuce akwatin. Yanzu kan batir waya ɗaya ce tak aka ƙara, maimakon tsintsiyar da muka tarar.

Launin ƙananan fis ba ado ba ne, kowane launi da adadinsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, fari garai 25, kore 30, ruwan lemo 40. Duk da haka a karanta lambar da ke kansa.

Wurin da muka daɗe shi ne haɗa kan waya. Yaron Baba, wanda hannunsa ya saba da murɗawa da naɗa salatif, ya fara yin haka, Baba ya karɓe. Salatif a watan Janairu yana kama da aiki. Zafin Afrilu na Daura, wanda ke wuce digiri 40 a inuwa balle a ƙarƙashin bonet, yana narkar da gam ɗinsa, ya saki, ƙura ta manne, ya warware. Haɗin da aka murɗa kuma yana sassautawa, sassaucin yana kawo zafi, zafin yana ƙara sassauci. Mu kowane kai an zura wayar a bututunsa aka matse da fulayar matsewa, Baba ya ja da ƙarfinsa ya ga ba ta zare ba, sannan aka zura robar tsukewa aka gasa ta har ta kama.

At ma, wato wayar nagetif da ake ɗaurewa a jikin bodi, an ba shi haƙƙinsa. Rabin fitilun da ke rawa a motocinmu laifin at ne, an ɗaura shi a kan fenti ko tsatsa ko siririn sukurun da ke riƙe roba. Mun kankare fenti har ƙarfe ya yi fari, aka ɗaura da noti, aka shafa giris a kai saboda tsatsa. Kaurin wayar at daidai da na fozitif, tunda wutar da ta tafi ita ce za ta dawo.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ranar doguwar fitila.

Amp 10 ba a bi da shi ta ƙaramin makunnin dashbod. Rile ake sa wa a kusa da batir ya ɗauki nauyin, makunni kuma ya aika masa 'yar wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na amp ba. Ƙafafun rile suna da lambobi, kuma lambobin iri ɗaya ne a ko'ina, daga ƙa'idar Jamus ta DIN 72552 suka fito. 30 daga fis take karɓa. 87 ita ke zuwa fitila. 85 da 86 su ne na ƙaramin nadin da ke jan ƙarfen ciki. In rile mai ƙafa biyar ne za ka ga 87a a tsakiya, wadda ke da wuta lokacin da rile yake kashe. Wannan mun rufe ta da roba.

Na ce wa Baba ba na son fitilar ta kama sai an sa ful. Wanda ya taɓa haɗuwa da mai irin wannan fitilar a hanyar Mashi da dare ya san abin da nake nufi. Sai ka daina ganin komai, kuma a gefen hanyar nan akwai masu babur, akwai amalanke, akwai shanu. In an haɗa ta da ful, da zarar na mayar da dim saboda mai zuwa, ita ma ta mutu, ba sai na laluɓi wani makunni ba. Kunna ta a cikin gari kuwa zalunci ne kawai.

A nan ne motar ta nuna halinta. Ƙwan fitilar gaba H4 ne, mai ƙafa uku: ta dim, ta ful, da ta tarayya. A motoci da yawa ƙafar tarayya at ce, makunni kuma fozitif yake aikowa. Baba ya sa mita a kai, sai ga abin a juye. Da aka kunna dim, ƙafar ful tana nuna bolt 12. Da aka sa ful, sai ta faɗi kusan sifili. A wannan Hilux ɗin fozitif a ƙafar tarayya yake zaune, makunni nagetif yake haɗawa. Wanda bai auna ba, ya ɗauki wuta daga wayar ful ya kai ɗaya ƙafar rile bodi kamar yadda aka saba, zai ga doguwar fitilarsa tana kamawa a dim tana mutuwa a ful. Gyaran shi ne 86 ta je ƙafar tarayya, 85 ta bi ta makunnin dashbod ta je ƙafar ful. Mun yi amfani da ɗan soket mai shiga tsakanin ƙwan da soket ɗin kamfani, don haka ko fatar waya ɗaya ba a fere ba.

Siraran wayoyin makunni ne kawai suka shiga ɗakin direba, ta cikin robar da kamfani ya riga ya sa a bangon. Tsohon ramin ƙusa an toshe shi.

A ƙarƙashin sitiyari akwai wasu wayoyi masu soket rawaya. Na jakar iskar haɗari ne. Baba ya nuna wa yaronsa ya ce ko fitilar gwaji kada ta kusance su, domin 'yar wutar gwajin tana iya tayar da jakar a fuskar mutum.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya shigo tun 1 ga wata, aiki a ƙarƙashin mota da rana ba na yanzu ba ne. An dakata. Fitilar na aiki lafiya. Na taɓa wayarta da rile bayan doguwar tafiya, ɗumi kawai.

Asabar, 12 ga Afrilu

Bayan Sallah mun koma kan firji, wanda shi ne asalin dalilin aikin.

Wani abokina da ya ga firjin ya ce me ya sa ba zan cusa shi a soket ɗin kunna sigari in huta ba. Soket ɗin yana mutuwa da an zare makulli, ni kuwa a ruga nakan yi awa uku inji a kashe. In kuma aka ja wuta kai tsaye daga batirin tashi, wata rana zan gama allura in murɗa makulli in ji shiru, a wurin da babu ko sabis ɗin waya. Batirin tashi an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu a cika shi nan take. Zuƙe shi a hankali har ƙasa yana kashe shi da wuri.

Sai kuma nisa. Daga bonet zuwa bayan mota, yadda waya ke bin shasi, mita 6 ne. Zuwa da dawowa 12. Duk mai noman rani a Daberam ya san siririn tiyo in ya yi tsawo ruwan da ke fita a bakinsa ba ya kai wanda injin ya turo, haka wuta take a waya. Mun yi lissafin. Waya 1.5mm² a wannan tsawon, da amp 5, tana cinye bolt 0.7 a hanya. 4mm² tana cinye 0.26. Abin da ake so kada asarar ta wuce kashi 3 cikin ɗari, wato 0.36. Bolt 0.7 a baki ba komai ba ne, amma firji yana da ma'aunin da ke kashe shi in wuta ta yi ƙasa, sai ya ɗauka batir ne ya mutu alhali waya ce ta shaƙe shi. Daga nan a ce firjin ne ba shi da kyau.

Saboda haka batir na biyu aka sa a baya, irin na sola rufaffe, 100Ah (ma'aunin yawan wutar da batir ke iya riƙewa ke nan), a cikin akwati da aka ɗaure da noti ya ratsa ƙasan bodi. Batir mai nauyin kilo talatin da ba a ɗaure ba makami ne ranar da aka taka birki da ƙarfi. Ban yarda a sa shi bayan kujera ba. Batir ba ya kwana inda mutane ke numfashi.

Tsakanin baturan biyu akwai wani rile mai jin bolt. In inji ya tashi wuta ta haura kusan 13.3 sai ya haɗa su, altaneta ta cika duka biyun. In aka kashe wuta ta sauko kusan 12.8 sai ya raba su, firji ya ci nasa, na tashi ya zauna lafiya. Kafin mu saya mun auna altanetar: 14.1 da sanyi, 13.8 bayan inji ya yi zafi. Ta isa. Sababbin motoci da kwamfuta ke rage cajin altaneta don tsimin mai ba sa jituwa da irin wannan rile, su sai caja ta musamman mai ɗaga wuta daga batir zuwa batir.

Wayar da ta haɗa su 16mm² ce, kuma fis ɗinta biyu, 60A a gindin batirin gaba, 60A a gindin na baya. Yaron ya tambaya me ya sa biyu. Baba ya ce, “To in ta goge a tsakiya fa? Na gaba ya ƙone, na baya wa zai hana shi?” Wayar da ke da batir a kowane ƙarshe, wuta ta kowane ƙarshe take zuwa.

Jan wayar ya cinye yinin. Ta shiga bututun roba tun daga farko har ƙarshe, ta bi saman shasi ta gefen da ba salansa, ba a ɗaure ta da fayif ɗin birki ko na mai ba, kuma kowane taƙi biyu akwai maɗauri. Inda shasi ya haɗu da bodi an bar mata ɗan sassauci, domin su biyun ba tare suke motsi ba a hanya mai gargada. Nagetif ma waya aka ja masa har gaba maimakon a dogara da bodin baya, wanda a kan roba da tsatsa yake zaune.

Akwatin fis na biyu yana gefen batirin baya: firji 15, fitilun aiki 5, caji 10. Injin iska nasa daban, waya 6mm² da fis 40.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Kasuwar Mai'adua, daga can na wuce rugage ta wajen Kongolam. Rana ta yi rana. Na sa ma'aunin zafi a cikin firjin tare da alluran, wanda ke riƙe mafi sama da mafi ƙasa.

A hanya sai na lura ɗan hasken firjin yana ɗaukewa yana dawowa. Batir lafiya, fis lafiya. Kan wayar da firjin ya zo da shi ne, irin mai shiga soket ɗin sigari. Sifirin ne a bakinsa, kuma duk gargadar da aka faɗa sai ya turo kansa waje kaɗan. Da na zare shi, bakinsa ya yi zafin da ba ya taɓuwa, robar gefen ta fara laushi. Na ɗaure shi da roba na ƙarasa yinin ina leƙawa. Ma'auni bai wuce 7 ba, alluran sun tsira.

Washegari Baba ya yanke kan, ya sa irin toka-tokan nan na Anderson mai shiga ya kulle. Ra'ayina, wannan soket ɗin sigarin bai cancanci wani abu da ya wuce cajin waya ba a motar da ke barin kwalta.

Lissafin batirin baya: daga 100Ah rabi ake so a taɓa in ana son ya yi shekaru, wato 50. Yadda zan gane shi ne mita. In ya huta, 12.6 zuwa sama cikakke ne, 12.2 ya kai wajen rabi, ƙasa da 12 an zalunce shi. An sa ƙaramin allon bolt a gefen akwatin. Na kuma yi wa firjin rumfa da rigar buhu, domin a rana tsaye injinsa ba ya hutawa, a inuwa kuwa yana tashi yana kwanciya.

Asabar, 17 ga Mayu

Maganar winci, injin igiyar da ake ɗaurawa a gaban mota don jawo ta in ta kafe, ta taso, saboda damina na tafe kuma na san wuraren da ke riƙe mota.

Wincin da ya dace da Hilux shi ne mai jan fam 9,500, kusan kilo 4,300. In yana ja da iyakar ƙarfinsa yakan sha amp 400 ko kusa da haka, ninki biyar na abin da altanetata ke iya bayarwa. Daga batirin tashi yake ci kai tsaye, inji na aiki, a ja kaɗan a huta. Wayarsa 35mm² ce, kuma ƙananan fis ɗinmu ba sa cikin wannan zancen. Abin da ake yi shi ne a sa babban makunnin yankewa dab da batir, wanda kullum a kashe yake sai lokacin ja. In ba haka ba kana yawo da waya mai kaurin yatsa, mai wuta, ba mai tsaro, a daidai bamba, wurin da ke fara daki in an yi karo.

Sai kuma tambayar da Baba ya yi: a ɗaura igiyar a jikin me? Arewacin Daura fili ne da yashi, gawo ɗaya a nan, aduwa ɗaya a can. Inda mota ke kafewa galibi ba itace a kusa. Ga bambar ƙarfe da sai an ƙera, ga nauyin da za a ɗora wa gaba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Bana babu winci.

Abin da ya maye gurbinsa shebur ne, da katako biyu, da igiyar ja, da injin iska. In zan shiga yashi mai zurfi nakan sauke iskar taya zuwa geji 18 ko 20, tayar ta baje ta hau kan yashin maimakon ta tona. Da na fito in mayar, domin gudu a kwalta da taya mai laushi yana dafa ta. Injin iskar ba a kunna shi sai inji na aiki.

Asabar, 14 ga Yuni

An yi ruwa mai ƙarfi bayan Babbar Sallah, na ratsa wata ƙorama ruwan ya kai rabin taya. Yau muka bi wayarin gaba ɗaya da fitilar hannu.

Akwatin gaba a bushe. Rile tun farko ƙafafunsa ƙasa suke kallo, don ruwa kada ya taru a cikinsa. Wayoyin da ke shiga akwatin baya an lanƙwasa su ƙasa kafin su hau, ɗigon ruwa ya sauka a gindin lanƙwasar maimakon ya bi waya ya shiga. Abin da muka samu shi ne maɗauri ɗaya ya tsinke kusa da tankin mai, bututun ya sauko yana gogar ƙarfe. Bututun ya ci, wayar cikinsa ko ƙwarzane babu. An mayar da maɗauri biyu a wurin. Soket ɗin fitilar baya ta dama ya sha laka, an wanke an shafa masa giris ɗin wuta.

Mun kuma auna satar wuta. Komai a kashe, ƙofofi a rufe, aka kwance nagetif aka sa mita a tsakani a kan 10A, aka jira kwamfutar motar ta kwanta. Ba a murɗa makulli a wannan halin, kik zai ƙone fis ɗin mitar nan take. Batirin gaba ya nuna ƙasa da miliamp 50, wanda shi ne abin da ake tsammani. Na baya ya nuna ɗan fiye da yadda ya kamata, Baba ya dinga zare fis ɗaya-ɗaya har adadin ya faɗi. Wurin cajin waya ne, mai shuɗin haske da ba ya mutuwa. An sa masa makunni.

Na zana taswirar wayarin a takarda, kowace waya da kaurinta da launinta da girman fis ɗinta, na sa a leda a aljihun dashbod tare da fis na ko-ta-kwana, biyu daga kowane launi. In motar ta tsaya mini a Zango, rewayan da zai duba ta ya ga abin da ke ciki kafin ya ɗauko reza.

Saura farantin sola a kan rumfar baya, don ranakun da mota ke yini a tsaye. Mai wat 120 nake so, da na'urar daidaita caji tsakaninsa da batirin baya, da fis 15 a gindin batirin. Sai mai walda ya gama ƙarfen da zai zauna a kai, ya ce bayan kasuwar mako mai zuwa.